Guntun Takardar da Bai Gani Ba

Idan mutum yana ɓoye maka wani abu, kai kuma ka gani, amma ka yi kamar ba ka gani ba don kada ka kunyata shi, a cikinku wa yake yaudarar wani? Na kwana da tambayar nan na tashi da ita, na juya ta ta kowace fuska, ban samu amsa ba. Wataƙila ku masu karatu ku fi ni hangowa, tunda ba zuciyarku ce a ciki ba.

Ga wadda yau ta fara haɗuwa da ni: ni ce auta a gidanmu, kuma ni ce sakatariyar wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta. Ofishina ɗan ɗaki ne a maƙale tsakanin ofishin Madam, shugabar makarantar, da ɗakin malamai. Tebur ɗaya, kwamfuta, kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an sa masa gwiwa, sai firinta a kan ɗan benci ƙarƙashin taga. Firintar mai tawadar ruwa ce, ta kwana biyu a duniya, halinta irin na tsohuwar da aka tasa daga barcin rana. Ita ce ta haɗa ni da Injiniya.

Ba injiniyan takardar shaida ba ne. A shagon wani ya koyi gyara, malamanmu ne suka laƙaba masa sunan har ya bi shi. Ranar da ya fara zuwa, ya leƙa cikin firintar ya ɗago ya ce, "Malama, wa ya ja takardar nan ta baya?"

Na ce ni ce.

"To kin kama kyanwa ta wutsiya. Takarda in ta maƙale, ta inda take nufin zuwa ake jan ta, a hankali, da hannu biyu. In kika finciko ta baya, haƙoran ciki kike karyawa."

Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye muku ba. Amma na tsaya ina kallon yadda yake aiki. Ba ya sa takarda a tire sai ya lanƙwasa ta ya kaɗa gefenta iska ta shiga tsakani, ya buga ta a tebur ta daidaita. Tayoyin robar da ke jan takarda kuwa da ɗan ƙyalle mai laima yake goge su, yana juya su da yatsa, ya ce ƙurar takarda ce ke sa su yi santsi su daina kamawa. Mai ba ya taɓa roba. Tire ba a cika shi maƙil. Sannan yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: hannun kowa ba ya shiga injin da yake gyarawa.

"Ki kalla in kina so, kallo ba a hana shi. Amma hannunki a bayanki."

Na fara da kallon hannun, na ƙare da kallon mai hannun. Sauran kun san yadda yake tafiya. Yanzu maganar ta kai inda baffanninsa za su zo wurin Abba ranar Asabar ɗin nan.

Abin da nake so in ba ku labari ya faro ne tun farkon damina. Akwai wani ɗan harshen roba baƙi a hanyar takarda, takarda ce ke tura shi idan ta zo wucewa, da shi firinta ke sanin ta shiga ko ta fita. In wani abu ya danne shi, sai ta yi ta ƙifta wuta tana cewa takarda ta maƙale, alhali hanya a buɗe take. Ran nan haka ta yi min. Na kira shi ya zo, ya cire murfin baya, ya haska tocila. Ina tsaye a bayansa, hannuna a bayana kamar yadda ya saba min. Sai na hango guntun takarda fara, bai fi farce ba, a cuse a gindin harshen nan. Fari a kan baƙi, hasken tocila a kansa.

Ya kalli wurin. Wallahi kai tsaye ya kalle shi. Ya wuce.

Ya goge tayoyi, ya hura nan ya hura can, ya kashe ya kunna, wuta na ta ƙiftawa. Bakina ya buɗe zan ce ga shi nan, sai na ga gumi na tsattsafo masa a bayan wuya alhali garin da sanyi. Na haɗiye maganar. Daga ƙarshe ya ce wataƙila allon cikinta ne ya fara gajiya, zai nemo wani ya dawo. Yana fita na zare allurar mayafina na tsamo guntun takardar. Firinta ta yi ajiyar zuciya ta ci gaba da aiki.

Na rubuta masa: "Ta tashi da kanta bayan tafiyarka. Hannunka akwai albarka."

Ya amsa da saƙon murya, yana 'yar dariya. A lokacin na lura rabon da ya rubuto min saƙo da hannu har na manta.

Daga nan idona ya buɗe. Babur ɗinsa da ya ce ya lalace, mai gyaran injuna guda, har yau bai gyaru ba, a motar haya yake zuwa. Ranar da na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan furanni a wuya, wadda na ɗinka musamman don shi, sai ya ce, "Kin yi kyau, turaren nan sabo ne?" Idan muna hira a ƙofar gida ba ya kallon fuskata, gefen kunnena yake kallo, ni kuma ina ta jin daɗi wai kunyata yake ji. Duk gyaran da ya yi ya tafi, sai na bi bayansa: 'yar maƙalar da bai zaunar daidai ba in danna ta, ƙusar da ya bari a ƙasan tire in mayar da ita. Na zama mai gyaran mai gyara, ba wanda ya sani.

Za ku ce to mene ne, ki tambaye shi mana. Ku bari ku ji gidanmu.

Yayata mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki tun 'yarsu ta biyu tana goye. Mutumin kirki, mai yawan barkwanci, yanzu sai an juya shi, sai an ɗaga shi, sai an ba shi a baki. Umma ce ke zuwa tana taya ta wankin zannuwan gado da ɗagawa, ta dawo tana dafe da ƙugu, in shafa mata man zafi tana cije leɓe. Ranar Talata ina shafa mata, tana kwance a kan darduma a tsakar ɗaki, ta ce ba tare da ta juyo ba:

"Auta, ni abu ɗaya na roƙa miki a wurin Allah. Lafiyayye. Ko a ɗaki ɗaya zai ajiye ki, in dai da ƙafarsa zai fita ya dawo. Na yayarki a tsakiyar hanya ya same mu, ba mu hango shi ba, mun karɓa. Amma in gani da idona in miƙa ki? Ƙashin bayana ba zai ɗauki na biyu ba."

Na ce, "Umma, ai ba a fata."

"Ba a fata. Yaron nan dai lafiyarsa ƙalau ko? Na ga ya rame."

"Aiki ne ya yi masa yawa."

Abba yana bakin ƙofa yana ɗaura wa rediyonsa waya, ya sa baki: "Ke ma dai da neman magana. Da akwai wani abu ai Auta za ta faɗa. Yarinyar da ko ƙwai ta fasa sai ta kawo ɓawon ta nuna."

Suka yi dariya. Ni ma na yi. Man zafin nan ji na yi kamar a idona na shafa shi.

Washegari Yaya ta leƙo da yamma, ta zauna a bakin gadona tana taya ni ninke kaya, hannayenta duk sun yi kaushi saboda sabulu. Na ce mata wata ƙawata ce ke neman shawara, saurayinta yana da wata lalura, iyayenta ba su sani ba.

"Ƙawar taki mai irin muryarki?" in ji Yaya.

Na ci gaba da gyara hannun riga.

Ba ta matsa ba. Ta ce, "Ki faɗa mata, ni ko yau aka mayar da ni baya, shi zan sake aura, da sanina. Wannan tsakanina da shi ne. Amma jinya ba ta mutum biyu ba ce, Auta. Kin ga bayan Umma? Ba ita ta zaɓe shi ba, amma ita ke kama ƙafa in na kama kafaɗa. Duk wanda zai zo ya kama miki, yana da hakkin ya sani kafin."

"In sun sani sun hana fa?"

"To sun hana." Ta ajiye rigar a kan sauran. "Ban ce miki da daɗi ba."

Ranar Alhamis aka tashi da ruwa. Ranar ce za mu buga katunan sakamakon yara, washegari iyaye za su zo karɓa. Katin ya fi takarda kauri, ga laima ta shige shi. Firinta ta ce ba ta san zance ba. Wani lokaci tayoyin su yi ta juyawa a banza, shuu, shuu, ba su ɗauki komai ba. Wani lokaci ta kwashi uku a haɗe ta shigar da su a karkace, ta tauna gefensu. Na kaɗa katin, na rage shi a tire, na goge tayoyi a ɓoye, duk a banza. Madam ta fito da tabarau a kan hanci.

"Sakatariya, kira min mutumin naki. Kuma ki faɗa masa, ba don ke ba da tuni na sauya. Kwanan nan gyaransa ba ya kwana."

Ya iso kafaɗunsa a jiƙe, da shuɗiyar rigarsa mai aljihu biyu da jakar kayan aiki. Ya gaishe da Madam, ya ce min, "Malama, an tashi lafiya?" kamar ba shi ne ya yi min saƙon murya da asuba yana tsokanata ba. Ya tsuguna, ya sa kunne ya saurari juyin tayoyin, ya sa yatsa ciki ya shafa.

"Ɗan faifan da ke raba takardu ne ya cinye. Shi ke riƙe ta ƙasa ya bar ta sama ta wuce. Na zo da sabo."

A ƙarƙashin faifan nan akwai ɗan sifirin, 'yar wayar ƙarfe siririya kamar gashin da aka naɗe. Yana ɗaga tsohon faifan, sifirin ya yi tsalle, na ji ƙarar faɗuwarsa a siminti. Madam na tsaye a bakin ƙofa tana danna waya. Injiniya ya sa tafin hannu yana shafa ƙasa, dama, hagu, ƙarƙashin benci. Abin yana nan yana ƙyalli a gefen takalminsa. Hannunsa ya wuce ta kusa da shi sau biyu.

Na ce a hankali, "Bari in taya ka dubawa."

"Malama, hannunki a bayanki."

Bai taɓa faɗa min ita da wannan muryar ba. Madam ta ɗago ta kalle mu, ta mayar da kai. Sai na ture birona daga tebur, na sunkuya ɗauka, na haɗa da sifirin, na ajiye shi cikin murfin gwangwanin da yake tara ƙusoshi. Can ya gaji da shafa ƙasa, ya kai hannu murfin. Yatsunsa suka tsaya cak.

Aka aiko kiran Madam, wata uwa ta zo da ƙorafi. Ta fita tana cewa kafin ta dawo ta ji firinta na aiki. Ɗakin ya rage daga ni sai shi sai ruwan da ke dukan kwano.

"Sifirin ba ya tsalle ya koma cikin murfi da kansa," ya ce, bai juyo ba.

Na ajiye biron a kan tebur.

"Firinta ma ba ta tashi da kanta. Ranar da kika rubuto min haka, ƙanwata ce ta karanta min. Da na dawo na sa yatsa a harshen nan, na ji ƙarzanen allura a jikinsa."

"Ashe ka sani."

"Ashe kin sani."

Na koma na zauna a kujerata. Ya faɗa min a tsugune, yana juya sifirin a tsakanin yatsu. Tsakiyar ganinsa ce ke tafiya. Gefe-gefe yana gani, amma duk abin da ya kalla kai tsaye sai ya zama kamar an ɗiga ruwa a kan tawada. Likita ya ce magani zai iya rage masa gudu, abin da ya tafi kuwa ya tafi.

"Fuskarki ma sai na kalli gefen kunnenki nake samun ta," ya ce.

'Yan uwa, a nan ne hawayen ya zo. Na toshe baki da mayafi saboda bangon ɗakin malamai ba shi da kauri.

"Kullum in na zo da niyyar faɗa miki, sai in tarar kin riga kin share inda na zubar. Sai in ce to bari sai wani zuwan. Kina rufa min, ni kuma ina jin daɗin rufin. Ban ce laifinki ba ne. Amma da kin ce min ga takarda nan ranar, da ban kai yau ba."

"Da na faɗa da ka ji kunya."

"Da na ji. Da ta wuce."

Na share fuska na ce masa to shi ke nan, yanzu mun sani mu biyu, ya isa. A bar Asabar ta wuce, a bar komai ya kammala, daga baya in sun ji sai su ɗauka a tsakiyar hanya ya same mu, kamar na Yaya. Na ce ni zan zauna da shi ba Umma ba, ni na gani na ce ina so.

Ya girgiza kai. "Ba zan tura baffannina su zauna a falon mutum da magana a rufe ba. Abbanki in na gaishe shi har hannu biyu yake ba ni."

"Ka san me Umma za ta ce?"

"Na sani. A matsayinta ni ma shi zan ce."

"To ba zan faɗa ba. Kuma ban yarda ka faɗa ba."

"Ba zan tsallake ki in je wurinsu ba, iyayenki ne. Amma in ba su ji ba, ba wanda zai zo ranar Asabar. Sai in ce wa baffannina a ɗaga."

"A ɗaga zuwa yaushe?"

Ya daɗe yana laluben ramin da sifirin ke zama, yana sa shi yana zamewa. Sannan ya ja jiki gefe, ya bar min wuri a gaban benci, ya miƙo min shi a tafin hannu.

"Zo ki sa. Ramin ƙarami ne."

Na tsuguna kusa da shi. Ya ce in fara zaunar da ƙasan, in riƙe da farce, in kawo faifan a kwance in danna har sai na ji ƙas. Na ji ƙas. Ya sa yatsa ya shafa, ya ce, "Ya zauna." Ya kaɗa katunan ya sa kaɗan a tire, ya matso da 'yan katangun gefe har suka taɓa katin ba tare da sun matse shi ba. Na danna. Firinta ta ɗauki ɗaya, ta fitar. Ta ɗauki ɗaya, ta fitar.

Madam ta dawo ta tsaya tana kallo. "Yauwa, ko kai fa. Yau ka tuna kai injiniya ne."

Ya ce, "Na gode, Madam," ya rataya jakarsa. A bakin ƙofa na ga ya sa ƙafa yana neman matakala kafin ya taka.

Har aka tashi ina buga katuna ina jera su aji-aji, ban san me nake yi ba. A mota saƙonsa ya shigo, na manna wayar a kunne saboda hayaniya. "Malama, duk abin da kika yanke ba zan riƙe ki ba. In kin ce mu tsaya a nan ma, ke kika fi kowa yi min alheri." Na fara rubuta amsa, na yi layi biyu kafin na tuna wani zai nema ya karanta masa. Na goge. Na danna na yi magana, matar da ke kusa da ni tana kallona: "Na faɗa maka ba zan faɗa ba. Ba zan rasa ka da bakina ba." Na tura. Ya saurara, bai amsa ba.

Ruwan ya ɗauke kafin in isa gida. Na tarar an fito da kujerun falo tsakar gida, Abba ya naɗe hannun riga yana ƙara wa ƙafar ɗaya ƙusa, ya ce min kada baƙi su zauna ta watsa mana ƙasa a ido. A ciki Umma na tsaye a kan kujerar katako, ta wanke labulen falo ta goge shi, tana rataya shi da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da ƙugunta. Fuskarta a sake, har da 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Rabon da in ji Umma na waƙa tun kafin ciwon mijin Yaya.

"Auta, kin dawo? Zo riƙe min kujerar nan kafin in faɗo a fasa taron saboda ni. Ki miƙo min wancan gefen."

Na ajiye jaka na riƙe kujerar. Daga inda nake tsaye ina ganin dugaduganta da suka tsage, da yadda gwiwarta ke ɗan rawa duk lokacin da ta miƙa hannu sama. Na miƙa mata gefen labulen. Ta karɓa tana cewa gobe sai mu wanke tagogi, sai kuma in tuna mata a aro manyan kofuna a wurin maƙwabciya.

"Umma."

"Na'am."

"Ba aiki ne ya ramar da shi ba. Idanunsa ne."

Waƙar ta tsaya. Ba ta juyo ba. Ta ƙarasa rataya ƙugiyar da ke hannunta, ta gyara ninkin labulen, sannan ta dafa kafaɗata ta sauko a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. A waje gudumar Abba na ta bugawa.

Ta ce, "Rufe ƙofar."